Gishiri, Kanwa da Tsami: Matsalar Kalmomi a Darussan Farko na Kimiyyar Sinadarai

Ɗalibin da ya shiga jami'a a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, da niyyar karatun likita, ko na aikin gona, ko na halittu da muhalli, ba shi da hanyar kauce wa darasin da ake kira "shimi" a shekararsa ta farko. Da faransanci ake koya masa, da faransanci kuma ake jarraba shi. Amma ran da ya gama, aka tura shi gidan likita na karkara ko ma'aikatar ruwa a ƙasar Hausa, da Hausa zai yi wa jama'a bayani. Tsakanin allon jami'a da bakin rijiya akwai wata fassara da kowane ma'aikaci yake yi shi kaɗai, ba ƙamus, ba shawara, kowa da irin tasa. Tun daga watan Maris na 2025, da babbar dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki, wannan fassara ta zama abin da ya wajaba masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su zauna a kai.

Galibi in an ta da zancen, sai a ce Hausa ba ta da kalmomin. Wanda ya duba darasin da kyau zai tarar cewa wahalar ta fi yawa a wuraren da Hausa take da kalma, domin kalmar da take da ita ta riga ta yi aure da wata ma'ana, kuma iyakar da manomi ko mai girki suka shata mata ba ita ce iyakar da masana suka shata ba.

Tun daga sunan fannin ake fara cin karo. A Larabci kalmar "kimiya" ita ce sunan wannan ilimi na haɗe-haɗe. Da Hausa ta are ta, sai ta faɗaɗa ta, "kimiyya" ta zama sunan dukan ilimin bincike na zamani, har da na taurari da na tsirrai. Fannin da ya ba da sunan, shi aka bari ba suna. A Nijar ɗalibai na cewa "shimi", a Najeriya "kemistiri", a rediyo kuwa ana jin "kimiyyar haɗa magunguna", wanda ya fi dacewa da aikin mai kantin magani. "Kimiyyar sinadarai" ta fi su duka, ko da yake shi kansa sinadari asalinsa abin da maƙerin farfaru yake liƙe ƙarfe da shi ne, daga baya ya zama sunan duk abin da ke ba wani haɗi ƙarfinsa ko armashinsa. Da ita za a yi aiki a nan.

Sunayen tushen sinadarai

Masana sun san tushen sinadarai 118, watau abubuwan da ba a iya rarraba su zuwa wasu ta hanyar haɗi ko ƙuna. Hausa tana da tsofaffin sunaye ga kaɗan daga ciki: ƙarfe, zinariya, azurfa, dalma, kuza, jan ƙarfe, zaiba, farar wuta. In aka lura, kusan duka kayan maƙera ne da ƴan kasuwa. Ɗalibin halittu kuwa wasu huɗu ne suka fi damunsa, waɗanda ake rubutawa O, C, H da N, domin su ne kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikin mutum, kuma babu ko ɗaya da yake da tsohon suna, sai fa in an ɗauki "gawayi" a madadin C.

An sha gwada ƙirƙirar sunaye masu bayyana aiki. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne "iskar shaƙa" a madadin O. Sunan yana da daɗin ji, yana kuma isar mai jinya da ke tsaye kusa da tukunyar iska a asibiti. A aji sai ya karye. Iskar da ake shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai O, kashi 78 kuwa N ne. Bayan haka, O ɗin da ke cikin ruwa, da sukari, da ƙashi, ba iska ba ne ko kaɗan, alhali shi ne kusan kashi 65 na nauyin jiki. Turawa ma sun faɗa wannan rami. Lavoisier na Faransa ya raɗa wa O suna daga Girkanci mai ma'anar "mai haifar tsami", bisa zaton cewa duk wani asid yana ɗauke da shi. A 1810 Davy na Ingila ya nuna cewa asid ɗin da ake samu daga gishiri ba shi da O, amma suna ya riga ya zauna. Abin da ya cece su shi ne, ba mai jin Girkanci a cikin kalmar yau. Sunan Hausa mai bayyana kansa ba zai sami wannan rufin asiri ba, kuskurensa kullum a fili yake. Saboda haka aron "oksijen", "karbon" da "idrojen" ya fi aminci, a bar "iskar shaƙa" ta zama bayani a gefe.

Aro ma da tasa rigimar, domin iyakar ƙasa ta ratsa ta tsakiyar harshe. Ɗan Maraɗi ya san N da sunan "azot", ɗan Katsina ya san shi da "naitirojin". Wancan yana rubuta bakwai da ɗigo huɗu da waƙafi, 7,4, wannan da aya. Inda harsunan aro biyu suka yi kusa, kamar sodiyom, kalsiyom, potasiyom, ba gardama. Inda suka rabu, alamar duniya ce kaɗai alƙali, kuma ya kamata kowane littafi ya ɗora ta kusa da sunan tun daga shafin farko.

Gishiri da kanwa

A nan Hausa tana da arzikin kalmomi fiye da faransanci. Ayarin Bilma ya kawo kantu da beza, ƙasar Manga ta ba da mangul, ga manda, ga gishirin Foga, ga jar kanwa, farar kanwa da ungurnu. Makiyayi ya san wanda zai ba raƙumi, mai girki ta san wadda za ta jefa a wake. Amma duk wannan rabe-rabe yana tsaye a kan bango guda: gishiri daban, kanwa daban. Ba wanda zai aiki yaro sayen gishiri ya yarda a kawo masa kanwa.

A wurin masana kuwa "gishiri" sunan dangi ne babba, watau duk abin da ke samuwa in asid ya haɗu da kishiyarsa. Gishirin miya, NaCl, ɗaya ne daga cikin dubbai. Kanwa ita ma ƴar dangin ce, domin mafi yawanta karbonat ne da bikarbonat na sodiyom, gauraye da gishirin miya, da sulfat, da ƙasa. Alli ma ɗan dangin ne, haka da yawa daga cikin takin zamani. Abin sha'awa, alamar sodiyom, Na, daga kalmar "natron" aka ciro ta, watau sunan da Turawa ke kiran kanwa da shi. Ke nan sinadarin da kowa ke dangantawa da gishiri, a takarda sunan kanwa yake amsawa.

Wannan ba wasan kalmomi ba ne, domin akwai rai a ciki. Likita yakan ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, abin da yake nufi kuwa shi ne ya rage sodiyom. Majinyaci ya koma gida, ya hana a sa masa gishiri a miya, ya ci gaba da shan kunun kanwa, ana kuma murmusa masa dunƙulen ɗanɗano a tukunya, alhali dukansu sodiyom ne. Bai saɓa wa likita ba, abin da kalmar ta faɗa masa shi ya yi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a wurin mata masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Yamai daga baya ya ƙara da wani abin zargi, watau ƙarancin seleniyom a jini, kuma ba a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Duk da haka darasin harshe yana nan: takardar gargaɗi da ta ce "gishiri" kawai, ta faɗi rabin magana. A littafin ɗalibai ya kamata a rarrabe "gishirin miya" da "dangin gishiri". A takardar jama'a kuwa sai a jera su da sunayensu, gishiri da kanwa da dunƙule, kada a dogara ga kalma guda.

Tsami da makashinsa

Babu babin da ya fi wannan sauƙin shiga ta ƙofar Hausa. Duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san cewa in tsami ya yi yawa, ƴar kanwa ake jefawa ta kashe shi. Ta kuma san cewa in ruwan kanwa ya haɗu da ruwan tsamiya ko na lemun tsami, kumfa yake tasowa. Abin da ɗalibi yake rubutawa a allo ke nan, ba ragi ba ƙari: asid ya haɗu da karbonat, an sami gishiri, da ruwa, da iskar CO2, ita ce kumfar. Kalmar "kashe tsami" ta riga ta ɗauki ma'anar da littafin faransanci yake buƙatar doguwar kalma kafin ya faɗa. Kunun tsamiya da kunun kanwa kuwa, a kan tabarma ɗaya, sun wakilci ɓangarorin biyu.

Har ma'aunin gwaji akwai shi a kasuwa. Ruwan zoɓorodo ja ne wur in yana cikin tsami. A ɗiga masa ruwan kanwa, sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore-kore, a matsa masa lemun tsami, sai jan ya komo. Launin da ke cikin zoɓorodo yana sauya siffa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, kamar dai takardar gwaji da ake sayowa daga waje da tsada. Malamin da ba shi da ɗakin gwaji, kofi uku sun ishe shi.

To, amma "tsami" ba zai iya ɗaukar dukan kayan ba. Tsami ɗanɗano ne, harshe ke shaidarsa. Asid kuwa, bisa ma'anar da Brønsted na Danmak da Lowry na Ingila suka bayar a 1923, shi ne duk abin da ke sakin ƙwayar idrojen mai caji, H+, kishiyarsa kuma shi ne mai karɓar ta. Ruwan batir asid ne, amma ba wanda zai so yaro ya gwada tsaminsa da baki. Asid ɗin da ke cikin man gyaɗa ba shi da tsami. Tubalan da ake gina furotin da su asid ake kiransu, haka ma sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. In aka fassara su duka da "tsami", ɗalibi zai yi ta neman ɗanɗanon da babu shi. Hanyar da ta fi ita ce a raba aiki: "asid" sunan abu, "tsami" sunan hali.

Kishiyar ta fi wuya, domin Hausa ba ta da suna guda da ya haɗa kanwa, da ruwan toka, da farar ƙasa, da soda ta masu sabulu, ko da yake marina da masu sabulun salo sun daɗe da sanin cewa aikinsu iri ɗaya ne. Kalmar "alkali" ta zo daga Larabci, ma'anarta toka, kuma da ta dace ƙwarai, sai dai a rubuce ƙugiya ɗaya ce tsakaninta da mai shari'a, injin buga takardu kuwa ba kullum yake da ƙugiyar ba. "Mai kanwa" yana sa a zaci kanwa ce a ciki. Abin da ya rage shi ne "baz", a bi shi da bayanin "makashin tsami".

Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, Sørensen ne ya fito da shi a Kopanhagan a 1909. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 yana ɓangaren asid, abin da ya haura yana ɓangaren baz. Akwai tarko biyu a nan ga mai fassara. Na farko, lambar tana raguwa ne in tsami yana ƙaruwa, don haka "ma'aunin tsami ya hau" magana ce mai harshen damo. Na biyu, kowane mataki ninki goma ne. Ruwan da ke kan 5 ya fi na 6 tsami sau goma, ya fi na 7 sau ɗari. Wanda bai gane haka ba, ba zai ga dalilin da ya sa likita yake tashi tsaye in jini ya sauka daga 7,4 zuwa 7,1 ba, alhali a wannan ɗan taƙi H+ ya ninka sau biyu. Jinin mai lafiya ba ya fita tsakanin 7,35 da 7,45, kuma babban abin da ke tsare shi a nan shi ne bikarbonat, watau ɗan'uwan abin da ke cikin kanwa, wanda ƙoda da huhu ke daidaita yawansa dare da rana. Mai zawo mai tsanani yana zubar da bikarbonat tare da ruwa, jininsa ya karkata wajen asid, shi ya sa numfashinsa yake zurfi da sauri: jiki ne ke korar CO2 don ya rage tsamin.

Narkewa, kauri da ƙidaya

Fi'ilin "narke" aiki uku yake yi. Man shanu ya narke a rana, gishiri ya narke a ruwa, tuwo ya narke a ciki. A kimiyya waɗannan abubuwa uku ne da ba su haɗa hanya ba: na farko sauyin yanayi ne saboda zafi, na biyu watsuwar ƙwayoyi ne a cikin ruwa, na uku kuwa tsinka manyan sinadarai ne zuwa ƙanana. Gishirin miya ba ya narkewa irin ta man shanu sai zafi ya kai daraja 801, ga shi kuwa yana ɓacewa a ruwan randa. Ba lalle a ƙirƙiri sababbin fi'ilai ba, ya isa a riƙa cika maganar kullum: narkewar zafi, narkewa cikin ruwa, narkewar abinci.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce kalmar da za ta nuna yawan abin da ya narke a cikin ruwa mai ƙayyadadden yawa. "Kauri" ne yake fara zuwa baki, kishiyarsa "tsinkewa", kamar a kunu. Amma ruwan gishiri ko ya kai na teku ba ya kauri, ido ba ya rarrabe shi da ruwan sha. "Ƙarfi" ya fi kusa, kamar yadda ake cewa shayi ya yi ƙarfi, sai dai an riga an ba shi wani aiki, domin "asid mai ƙarfi" yana nufin wanda ke sakin H+ ɗinsa gaba ɗaya, ko da an surka shi da ruwa mai yawa. Sai "yawa a lita", wadda ba ta da ado amma ba ta ruɗa kowa. "Surki" kuwa ya zauna daidai a wurin ƙara ruwa don rage wannan yawa.

Masana ba sa auna sinadarai da nauyi kaɗai, ƙidaya su suke yi, domin ƙwaya da ƙwaya suke haɗuwa. Sunan ƙidayar "mol", kuma mol guda ƙwayoyi ne 6,022 × 10²³. Wasu malamai sukan kwatanta shi da tiya, amma tiya cikar kwano take aunawa. Jika ta fi dacewa: jika guda dala 200 ce, ko da ƙarfe aka biya ko da takarda, lissafi ɗaya, nauyi daban. Haka mol guda na gishirin miya giram 58,4 ne, na gulukos kuwa giram 180.

Ƙunshin maganin zawo da ake narkawa a ruwa ya isa misali. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 ya ƙunshi, a kowace lita, giram 2,6 na gishirin miya, 13,5 na gulukos, 1,5 na kulorur na potasiyom, da 2,9 na sitrat na sodiyom. A ido lambobin ba su da wata dangantaka. In aka mai da su ƙidaya, sai asiri ya tonu: gulukos ya ba da milimol 75, sodiyom ɗin gishirin miya wajen 45, na sitrat wajen 30, jimla 75. Ɗaya da ɗaya ke nan, kuma da gangan aka yi, domin bangon hanji yana da ƙofar da ke shigar da sodiyom tare da gulukos, ruwa ya bi bayansu, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Sitrat ɗin kuwa, jiki yana mai da shi bikarbonat, ya mayar wa jini abin da zawo ya kwashe. Shi ne gishirin da ke samuwa in ruwan lemun tsami ya gamu da kanwa, ko da yake kanwar kasuwa, da ƙasarta da sulfat ɗinta, ba abin haɗa wa yaro magani ba ce. Uwar da ta zuba ƙunshin lita guda a rabin lita, da zaton magani zai fi ƙarfi, ta ninka sodiyom ɗin, ruwan kuma yana iya janyo ruwan jikin yaron zuwa hanji maimakon ya mayar masa. Kalmar "ƙarfi" a nan ta yi ɓarna, tun da a kunnen uwa ƙarfin magani alheri ne.

Mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga ƙarshen wannan al'amari. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya yi shekaru yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai fuliyor fiye da sau uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, watau miligiram 1,5 a lita. Yara da dama haƙoransu suka ɓaci, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kai a 2002. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci, ba kauri. Duk kalmomin da Hausa ke yabon ruwa da su sun dace da shi. Fuliyor kaɗan yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana lalata shi, bambancin kuwa ƴan miligiram ne a lita, abin da ba a gani sai an auna.

Ma'aikacin da zai yi wa kwamitin rijiya bayanin takardar gwaji yana buƙatar hanyar da zai sa "miligiram a lita" ta shiga kai. Lissafin ba shi da tsawo. Tano guda, watau duro, lita 200 yake ci, tano biyar lita 1000 ke nan. Miligiram guda a lita daidai yake da giram guda a tano biyar. Iyakar fuliyor, ke nan, giram ɗaya da rabi ce a tano biyar, abin da bai cika rabin ƙaramin cokalin shayi ba.